Amosanin gaɓɓai: da gaske wajen uwa ake gadonsa?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum, don Allah ku ba ni shawara. Hajiyarmu ta daɗe tana fama da amosanin gaɓɓai, yatsunta har sun karkace, ni nake ɗaura mata ɗankwali. Tun rasuwar Baba take wajena a Gwammaja, yayyena kuwa ko leƙe ba sa yi. Yanzu ni ma da asuba hannuwana biyu a sandare suke, ko buta ba na iya riƙewa sai hantsi. Ƙanena ya ce akwai DNA, wato sinadarin gado na jiki, da ake gada wajen uwa kaɗai, shi ke kawo kumburin. Ga 'ya'yana mata, hankalina a tashe yake.

Hajiya Ladi: Sanyi ne 'yata. Ki rabu da ruwan randa, ki riƙa shan citta da kanumfari.

Malam Auwal: Hajiya a gafarce ni, wannan ba sanyi ba ne. Maman Hanifa, cikin ƙwayoyin halittarmu akwai maitokondiriya masu samar wa jiki kuzari. Suna da DNA nasu daban mai ƙwayoyin gado 37, kuma lallai daga uwa yake zuwa. Siffarsa irin ta bakteriya ce, shi ya sa idan ƙwayar halitta ta lalace ya tsiyayo waje, garkuwar jiki sai ta zaci cuta ce ta far masa, gaɓa ta kumbura. An same shi a ruwan gaɓɓan masu wannan ciwo. Amma kowa yana da shi, tsiyayowarsa ce ke rura kumburin. Ki je a yi miki gwajin jini na anti-CCP da ESR, masu taimakawa wajen gano wannan ciwo.

Anti Rabi: Gwaji? Mijina tun asuba yake bin layi a wani asibiti, ƙarshe aka ce fayil ɗinsa ya ɓata. Har yau ban huce ba.

Maman Hanifa: Ai shi ya sa nake karɓar diclofenac a kemis. Yana min aiki, kuma wa zan bar wa Hajiya in tafi layi?

Malam Auwal: Zogi yake kwantarwa, gaɓar na ci gaba da lalacewa, ga illa ga ƙoda da ciki. Maganin methotrexate aka fi bayarwa don rage lalacewar gaɓar, sau ɗaya a mako, kuma sai da likita.

Hajiya Ladi: Mu dai iyayenmu ba su san wannan ba.

Maman Hanifa: Malam, mai kemis ɗin ya san ciwon Hajiya ciki da waje. Ni yaran nake tambaya, za su gada ko kuwa?