Ƙanwata ta daina cin abinci, Mama na cewa iyayi ne

Wata 'yar'uwa daga Zariya:
Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara kan ƙanwata, shekarunta 16, tana makarantar kwana. Tun da ta dawo hutu na kasa gane kanta. In an zuba abinci sai ta ce ta ƙoshi, ko ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki. Shekaranjiya ina shara na tsinci tuwo ƙulle a leda ƙarƙashin gadonta, har ya yi tsami. Tana azumin Litinin da Alhamis, da farko har albarka muke sa mata, amma in an sha ruwa dabino ɗaya ne da ruwan zafi, shi ke nan. Yarinyar da ƙasusuwan wuyanta duk sun fito, sai ta tsaya gaban madubi ta kama fatar cikinta tana cewa ita ƙatuwa ce. Da na lallaɓa ta, ta ce 'yan ɗakinsu ne ke kiranta buhun masara. Mama ta ce iyayi ne, yunwa za ta koro ta. Gwaggo ta ce a yi ruƙiyya. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ma'aikaciyar jinya daga Kaduna:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Abin da kika lissafa ya yi kama da cutar da likitoci ke kira anoreksiya, kuma yunwa ba ta koro mai ita. Tsoron ƙiba ne ke cin ta, ba taurin kai ba. Ki tambaye ta a keɓe ko al'adarta na zuwa, don takan ɗauke in jiki ya rame sosai. Ki lura ko gashinta na zubewa, ko tana jin sanyi ana tsakar zafi, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe. Sannan ki sa ido in ta ɗan ci: tana tashi zuwa banɗaki nan take? Wasu kan sa yatsa su amayar, wasu su sha maganin gudawa ko shayin rage tumbi. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, domin yana zubar da sinadarin fotasiyam, zuciya ta rikice ba tare da an ankara ba. Ku kai ta asibitin koyarwa na Shika a cikin makon nan, a auna jini, a tabbatar ba tarin fuka ko ciwon suga ke ramar da ita ba, daga nan a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa. Addu'a ku ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti. In ta suma ko ta ce ƙirjinta na bugawa ba daidai ba, a tafi a ranar. Kuma kada a ɗura mata abinci da yawa lokaci guda, jikin da ya daɗe da yunwa a hankali ake mayar masa.

Wata uwa daga Kano:
Ni roƙona ɗaya: kada kowa ya ce a sayo mata sha-ka-fashe. 'Yar maƙwabciyata aka yi ta yi wa gorin rama ana gab da bikinta, ta dinga shan irin ƙwayoyin nan. Fuska ta kumbura, suga ya hau, daga baya aka gane wani magani mai suna deksametason ne a ciki, wanda ko dainawa ba a yi farat ɗaya sai da likita. Mu iyaye ma mu kama bakinmu. Yau a ce wa yarinya ta yi ƙiba, gobe a ce ta zama tsinke, da wanne za ta ji?

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye ta daren jiya, ta fashe da kuka, ta ce wata uku ke nan ba ta ga al'ada ba, tsoro ya hana ta faɗa. Na karanta wa Baba amsar Anti ma'aikaciyar jinya, ya ce mu shirya gobe da sassafe. Yanzu saura Mama, da yadda zan roƙe ta ta daina yi mata faɗa a gaban ƙanne in an zauna cin abinci.