Neman shawara: Cp da Cv sun rikita ni

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen Fiziks, jarrabawa saura mako guda. Na haddace cewa Cp − Cv = R, amma dalilin ne ban gane ba. Cp shi ne zafin da mol ɗaya na gas (mol ma'aunin yawan gas ne) ke ci don ƙarin digiri ɗaya in matsi bai canza ba, Cv kuma in girma ne bai canza ba. Gas ɗaya ne, digiri ɗaya za a ƙara masa, to me ya sa ya fi cin zafi in matsinsa bai canza ba? A gwajin da ya wuce ma, an ɗumama gas ba tare da matsi ya canza ba, aka ce a nemo canjin makamashin cikinsa. Na sa Cp, aka soke. Don Allah a taimaka.

Malamin sakandare: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki rufe gas a tulun ƙarfe da ba ya buɗewa, duk zafin da kika ba shi a cikinsa zai zauna. Wannan shi ne Cv. Yanzu ki zuba shi a silinda mai fistin. Yana ɗumi yana faɗaɗa, yana tura fistin, kuma turawar nan aiki ce, daga zafinki ake biyanta. Ga mol ɗaya da digiri ɗaya, aikin ya kai jul 8.314, wato R ke nan. Da sunan Robert Mayer ake kiran wannan dangantaka, likita ne Bajamushe, ba ma malamin Fiziks ba.

Injiniya: Malam ya gama magana kan na farko. Na gwajin, wallahi ni ma ya taɓa kayar da ni. Makamashin cikin gas irin wanda ake kira "ideal gas" da zafin jikinsa kaɗai yake tafiya, saboda haka canjinsa nCvΔT ne ko yaushe (n yawan mol, ΔT canjin digiri), ko matsi aka riƙe ko girma. Cp na zafin da kika shigar ne. Gwada da naitirojin mol ɗaya, ƙarin digiri 10: zafin da ya shiga kusan jul 291, wanda ya zauna ciki 208, sauran 83 ya tafi wurin fistin.

Ɗalibin aji huɗu: Ki kula da irin gas ɗin, Anti. Hiliyom da agon Cv ɗinsu 3R/2 ne, naitirojin da oksijin 5R/2 a zafin ɗaki.

Mai tambaya: Ashe 83 ɗin nan ne na haɗa da makamashin ciki! Allah ya saka da alheri, Malam da Injiniya. Bari in ɗauko takardar in sake lissafin.