CRP ɗina ya kai 28 bayan mura, sai na sha antibayotik ne?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka. Yau kwana huɗu ina fama da mura, ga majina ga ƙaiƙayin maƙogwaro da ɗan tari, zazzaɓin dai kwana ɗaya ya yi ya sauka. Na je asibiti aka ɗebi jinina, CRP ya fito 28 mg/L alhali a gefen takardar an rubuta kada ya wuce 5. Likita ya ce in je in huta in sha ruwa da farasitamol, bai rubuta min antibayotik ba, ni kuma wlh hankalina ya ƙi kwanciya, ya fi ninki biyar fa. Ko in saya da kaina?

Ɗan_Lab:
Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Kar ki saya. CRP ɗin nan furotin ne da hanta ke zubawa a jini duk lokacin da jiki ke faɗa da wani abu, shi dai ƙararrawa ce kawai, ba ya faɗa miki wane ne ɓarawon, bairos ne ko bakteriya ko ma ciwon gaɓɓai ko rauni, duk suna ɗaga shi. Yakan fara hawa cikin awa 6 zuwa 8, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, to ke da aka gwada ana tsakiyar mura ai dole a ga ya motsa. A murar bairos ganin 10 zuwa 40 ba abin mamaki ba ne, inda bakteriya suka kama huhu sosai sau da yawa sai ki ga ya haura 100. A ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2014 kan ciwon huhu cewa aka yi ƙasa da 20 ba a ba da antibayotik, sama da 100 a bayar, tsakanin 20 da 100 kuma a dakata a gani. Naki yana can ƙasa-ƙasa a layin "a dakata". Kuma fa ƙiba da shan taba ma suna ɗan ɗaga shi ko mutum lafiyarsa ƙalau.

Baba_Tsoho:
Ni dai a ganina ta koma a yi mata ESR, gwajin saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini, shi muka sani tun da can.

Ɗan_Lab:
Baba da girmanka, amma ESR a nan ba zai ƙara mata komai ba. Nawa gare shi, sai ya ɗauki kwanaki kafin ya hau kuma ya yi makonni bai sauka ba, sannan ƙarancin jini da juna biyu da shekaru duk suna rikita shi. In ma ƙarin gwaji ake so gara procalcitonin, wani furotin ne shi ma da ake aunawa a jini, shi bakteriya ne suka fi ɗaga shi, bairos kuwa yakan danne shi, in ya fito ƙasa da 0.25 ng/mL likitoci kan ja baya da antibayotik. Amma a kan mura mai sauƙi irin wannan gaskiya ɓata jini ne.

Anti_Nas:
'Yar uwa ni abin da zan ƙara, ki daina kallon takarda ki kalli jikinki. Lamba ɗaya ba ta ba da labari, sai an sake gwadawa an ga hawa take ko sauka, kuma CRP na saurin sauka, in faɗan ya lafa kusan duk awa 19 rabinsa ke tafiya. Sannan ba kullum yake gaskiya ba, mun sha ganin bairos irin su adenobairos ko na fulu (mura mai tsanani) sun kai shi sama sosai ba tare da bakteriya ko ɗaya ba, musamman a yara. Abin da zai sa ki koma asibiti ba jira: numfashi ya fara yi miki wuya, ƙirji na ciwo in kin ja iska, zazzaɓi ya dawo bayan kin ji sauƙi, ko jini a kaki. In kina da asma, ciwon suga ko juna biyu ma ki faɗa wa likitan tun yanzu. Tarin kuwa kar ya tsorata ki, yakan kai sati uku yana jan ƙafa.

Maman_Biyu:
Na gode ƙwarai Anti, Allah ya saka. Ba ni da ko ɗaya a ciki, yau ma hancin ya buɗe. Amma majinar ta koma kore-kore tun jiya, wannan fa?

Anti_Nas:
Ƙwayoyin jini farare ne da suka yi aiki suka mutu suke ba ta wannan kalar, a murar bairos ma haka take yi wajen kwana na uku zuwa biyar. Ki ƙyale ta.