Wa ya san Aachen a cikinku?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Maigida ya samu hutun kwana biyu, muna son leƙa garin Aachen na nan Jamus daga birnin Kolon da yara, me za mu gani a can?

Ɗan Zariya: Wa alaikumussalam. Babban cocin nan mana Hajiya, ai shi ne garin. Sarki Sharlaman, babban sarkin Turai na da, ya gina tsakiyarsa wajen shekara ta 800, kusurwa takwas gare shi, a nan aka binne shi a 814.

Baban Abba: Hajiya don Allah kar ku yi irin wautar da na yi bara, na tashi ran Lahadi ban tambayi kowa ba na isa shaguna duk a kulle, na shiga cocin ina ta neman kujerar sarautar nan ta farin dutse da sarakunan Jamus suke hawa bayan naɗi, tun 936 har 1531 ake naɗa su a nan, ashe tana sama sai da ɗan jagora ake hawa kuma ni ban yanki tikiti ba. Na fito da haushi na tarar da famfon Elisenbrunnen na kurɓa, wallahi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga allo an rubuta ba na sha ba ne ban lura ba. Sai na sayi biskit ɗinsu Printen in wanke baki, saura ƙiris haƙorina ya fita.

Kawu: Hhhh Baban Abba kai komai sai ka kai baki

Ɗan Zariya: Akwai mai taushi ai, kai ka zaɓi na gargajiya.

Malama: Ku nuna wa yara garin da Halifa Haruna Rashid ya aiko wa giwa, sunanta Abul Abbas, ta iso 802.

Kawu: Giwa a wannan sanyin? Allah sarki baiwar Allah

Malama: Ta yi shekara takwas dai Kawu.

Injiniya: Ku bar zancen giwa, Aachen garin allura ne da saƙar tufafi tun da can, yanzu kuma jami'ar RWTH ce ta riƙe shi. Sallah kuma akwai masallacin Bilal kusa da jami'ar.

Kawu: Injiniya an taɓo makarantarsu

Injiniya: Kawu ni na taɓa ce maka a can na yi karatu?

Amarya: Maman Ilham in kin je kamfanin Lindt suna da shago a jikin masana'antarsu, ki riƙo min cakulan don Allah zan turo kuɗin.

Maman Ilham: To Amarya. Wai kwana ɗaya zai ishe mu ko sai mun kama ɗaki?

Kawu: Ni ma leda biyu Hajiya