Nauyina na sauka, ƙarfina ma na tafiya: ya zan yi?

Jama'a, shawara nake nema. Wata bakwai ke nan ina allurar semaglutide ta mako-mako don rage ƙiba, bisa umarnin likita. Na sauko daga kilo 104 zuwa 87, amma cinyoyina sun saki, hawa bene sai na huta a tsakiya, tashi daga ƙasa kuma sai na dafa abu. Shekarata 52.

Na karanta cewa a gwajin STEP 1 na 2021, wani bincike da aka yi kan wannan allurar, kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin da ya zube ba kitse ba ne, har da tsoka a ciki. Hankalina ya tashi, don tsoka ce ke ɗauke mafi yawan sukarin jini bayan cin abinci, ni kuwa da ma ina gab da ciwon suga.

Likita ya ce in ƙara furotin, in riƙa ɗaga ƙarfe. A nan na maƙale: loma uku na ƙoshi, in na matsa sai tashin zuciya. Waɗanda suka bi ta nan, ya kuka yi? Tsokar na dawowa kuwa ana kan allurar, ko in roƙi likita ya rage min adadinta?