Sitiyarin motata yana girgiɗi sama da ƙasa, bushin ne?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Manya, a taimaka mini da shawara. Shekara biyu ke nan da na sayi wata ƙaramar motar gudu a nan Ingila, irin waɗanda ake sayen kayansu a warwatse mutum ya haɗa a garejin gidansa. Zubin Lotus Seven ce, kujera biyu, babu rufi. Wani dattijo ne ya haɗa ta da hannunsa, ni kuma na saya daga gare shi.

Makon jiya ina kan hanyar ƙauye, na faɗa wani ɗan rami, sai na ji ƙwas daga bayan dashbod, har cikin tafin hannuna. Da na dawo gida na kama sitiyarin da hannu biyu na ɗaga, sai na ga yana motsi sama da ƙasa kamar haƙorin yaro mai shirin famfara. Amma in na juya hagu ko dama, tayoyin suna amsawa nan take. Na leƙa da tocila, na hango wata roba baƙa a bakin bututun da sandar sitiyarin ta bi, gefenta ya tsattsage.

Wata mai zuwa ne gwajin MOT ɗina, wato binciken lafiyar mota da ake yi duk shekara a nan. Wani aboki ya ce in naɗa salatif a jikin sandar in cusa, ya wadatar. Zuciyata ba ta kwanta ba, domin ɗiyata nake ɗauka a motar nan ranar Lahadi.

Kawu Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ajiye maganar salatif ɗin nan. Sitiyari ba wurin dabara ba ne.

Yadda ka kwatanta, bushin sama ne ya cinye, wato robar nan da ka hango, mai riƙe sandar a cikin bututun. Da a juyawa yake wasa, da sai mu zargi sassan da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi: kuros ɗin ƙasa, ko rak, ko kan tayarod. Motocin nan da yawa, har da na kamfanin Caterham wanda ya sayi haƙƙin ƙera Seven daga Lotus a 1973, bushin tsofaffin motocin Triumph Herald da Spitfire suke amfani da shi. Roba ce a waje, farar leda mai tauri a ciki, da ƴan kunnuwa biyu da suke faɗawa cikin huji biyu a jikin bututun. Shafa bututun da yatsa, in ka ji kunnuwan sun leƙo, to shi ne. Ba shi da tsada, ka sayi na sama da na ƙasa gaba ɗaya.

Miƙar da tayoyi tukuna. Buɗe bonet, za ka ga inda sandar sama ta haɗu da ta ƙasa, akwai maƙalli mai bol biyu da ɗan sukuru a tsakiya. Yi wa wurin alama da fenti kafin ka taɓa komai. Sassauta, ka zaro sandar ta wajen kujera. Yanke kunnuwan tsohon bushin da wuƙa mai kaifi, sai ya fito. Sabon kuma ka daidaita kunnuwansa da hujin tun kafin ka tura, don in ya shige a karkace, juya shi a ciki wahala ce. Soket mai faɗinsa ka ɗora a kai, ka riƙa bugawa a hankali.

Wurin mayarwa ne nake so ka nutsu. Maƙallin nan an yi shi ne don in an yi karo sandar ta shige cikin ƴar uwarta, kada ta soki ƙirjin direba. Fara ɗaure bol biyun, sannan sukurun tsakiya ya zauna daram a kan shafaffen gefen sandar, sannan notin da ke kulle shi. Ƙarfin ɗaurin kuma ka duba littafin motarka, kada ka yi da ka.

Ɗan Zariya:

Kawu ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: kada ka shafa wa robar giris na mota, yana kumbura ta. Na silikon za ka nema. Wasu sabulun wanke kwano suke sawa, ni ba na so, akwai gishiri a ciki, bututun kuma ƙarfe ne.

Tawa motar sandar Ford Sierra ce a ciki, bushinta na ƙasa yana jikin bangon da ya raba inji da direba, kuma tsakiyarsa mai kusurwa uku ce. Ka tabbatar da irin taka kafin ka biya kuɗi.

Baban Ummi:

Allah ya saka da alheri, Kawu. Na gode, Yaya. Irin na Triumph ɗin ne. Jiya Asabar na yi aikin, ya ci mini kusan awa uku, rabin lokacin wajen fitar da tsohon ne. Da ya fito, ledar cikin ta rabe biyu, ɗaya ɓarin ma ya zame can cikin bututun, sai da waya na lanƙwasa na jawo shi.

Yanzu ko na jijjiga da ƙarfi ba ya motsi. Sai dai na ji ya ɗan yi nauyi wajen juyawa. Haka sabo yake, ko na matse wani abu?

Kawu Bakanike:

Sabo yakan ɗan riƙe. Ɗaga gaban motar a jak, ka juya daga ƙarshe zuwa ƙarshe. In nauyin iri ɗaya ne ko'ina, zai saki da tafiya. In kuwa yana cijewa a wani wuri ya saki a wani, kada ka fita da ita, dawo ka faɗa mini.