Ƙudan zumana na mutuwa tun da aka fara feshin wake

Mai Amya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da amya a kan itatuwan ɗorawa a bakin fadamarmu, gadon mahaifina ne. Bana tun da wake ya fara fure maƙwabta suka shiga feshi, kusan duk sati. Da hantsi sai in tarar da ƙudan zuma zube a gindin itace, wasu na ta juyi a ƙasa sun kasa tashi. Wata amyar ma ta watse gaba ɗaya. Ba na son rigima, su ma abincinsu suke karewa daga tsutsa. Ina mafita?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Da safe ƙudan zuma ke bin fure, kuma daidai lokacin ne mutanenmu ke goya injin feshi. Ka roƙe su su koma yin feshin dab da magariba, in iska ta kwanta. Su kuma tsaya kan ma'aunin da ke jikin kwalba. Ƙarin murfi ɗaya da ake yi wai don ya fi ci ɓarna ce, a hankali tsutsar sabawa take yi. Masu kankana da kabewa ka fara samu, domin in babu ƙudan zuma 'ya'yansu ba za su zauna ba. Akwai kuma irin wake SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar a 2019, yana jure tsutsar da ke huda kwanso, feshinsa kaɗan ne.

Ɗan Masunta:
Malam, mu ma abin ya iso mu. A bakin rafi ake wanke injin, washegari ka ga ƙananan kifaye ciki sama. A nan shanu ke sha, a nan yara ke wanka. Kwalaben ma ba a binnewa, na ga wadda aka ɗauraye ana zuba man gyaɗa a ciki. Ku kai maganar gaban mai unguwa.

Hajiya Mai Wake:
Ɗana, bayan girbi ma ba mu tsira ba, ana yayyafa fiya-fiya a buhun wake saboda ƙwaro. A kan haka Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Ni buhun PICS mai ninki uku nake amfani da shi. In ka ɗaure shi tam iska ta ƙare, ƙwaron mutuwa yake yi ba magani.

Mai Amya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a bayan an sauko zan je wurin mai unguwa in sha Allahu.